Atomatik ko Mai Kuloci: Wacce Za Ki Saya a Ƙaramar Mota?

Malama, abin da na fahimta daga tambayarki shi ne kina shirin sayen motarki ta farko, ƙarama mai injin lita 1.0 zuwa 1.3, wadda wani ya riga ya hau ta 'yan shekaru. Yawancin tuƙinki zuwa aiki ne da dawowa cikin cunkoso, doguwar tafiya kuwa sai jifa-jifa. Yayanki ya ce ki sayi mai kuloci don ta fi tsimin mai da sauƙin gyara, ƙawayenki kuma sun ce wahala kawai za ki saya da kuɗinki. Kina son jin ta bakin wanda sana'arsa ke nan, kwance giyabos da ɗaura shi.

Da irin tuƙin da kika faɗa, atomatik zan ce ki saya. Amma da sharaɗi biyu: ki san wace irin atomatik ce a cikin motar, ki kuma ga shaidar yadda mai ita ya kula da man giyarta. In ɗayan biyun nan ya gagara, ki koma ga maganar yayanki, ba za ki yi da-na-sani ba.

Dalilin sharaɗin farko shi ne, a ƙananan motoci, abin da dillali zai ce miki "atomatik ce" yana iya zama ɗaya daga cikin na'urori huɗu da ba su haɗa komai ba sai rashin fedar kuloci a ƙasan ƙafarki ta hagu. Halinsu a cunkoso daban, shan mansu daban, har yadda suke mutuwa daban. Ɗauki Toyota Yaris ƙirar 2006 zuwa 2010. Wadda aka kai Amurka giya huɗu ce mai kwanbata, wato ƙunshin mai da ke zaune a gurbin kuloci. Wadda aka sayar a Japan da sunan Vitz akasari CVT ce, wato mai aiki da bel, ba mai giya ɗaya, biyu, uku ba. Ta Turai kuwa yawancinta MMT ce, wato giyar hannu da kwamfuta ke taka wa kuloci. Jiki ɗaya, ciki uku. Saboda haka in wani ya ce miki atomatik ɗin Yaris ba ta da matsala, ko ya ce matsala gare ta, ki tambaye shi wacce daga ciki.

Bari in fara da mai kuloci, don da ita za mu auna sauran. Tsakanin inji da giyabos akwai wani faranti mai kaushi da sifirin ke matsewa a jikin faifan bayan inji. In kin taka feda kin raba su, in kin saki sun haɗe, ƙarfin inji ya wuce zuwa taya kusan ba asara. Cikin giyabos ɗin kuwa haƙoran ƙarfe ne da boris suna wanka cikin mai, babu famfo, babu bawul, babu kwamfuta. Shi ya sa sau da yawa mota kan tsufa ta mutu ba a taɓa buɗe shi ba. Farantin ne ke cinyewa, kuma ƙafar direba ce ke yanke masa kwana. Mai natsuwa yakan wuce kilomita 150,000 da faranti ɗaya. Wanda ke ɗora ƙafa a kan feda yana tafiya, ko yake riƙe mota a hawa da rabin kuloci maimakon ya ja birkin hannu, yana iya gama da shi kafin 40,000. Sabon direba a cunkoso, ki yi haƙuri, cikin kashi na biyu yake har sai ƙafarsa ta faɗa. Amma ko ya ƙone, gyaran sananne ne: a sauke giyabos, a canza faranti da murfinsa da boris, aikin wuni guda, kuma kusan duk makaniken da ya iya riƙe sifana zai yi shi.

Cikin atomatik huɗun, wadda ta fi tsufa, wadda kuma na fi yarda da ita, ita ce mai kwanbata. Kamfanin General Motors ya fara sa giya mai canza kanta a Oldsmobile ƙirar 1940, kwanbata kuma ta shiga motocin Buick a 1948, ke nan an daɗe ana goge kurakuranta. Ita kwanbata wani ƙunshin ƙarfe ne cike da mai, a zaune daidai inda kuloci ya kamata ya zauna. Ki ɗauka an kafa fanka biyu suna kallon juna, aka kunna ɗaya: iskarta za ta juya ɗayar ko ba a kunna ta ba. To haka take aiki, sai dai mai ne ke yin aikin iskar. Amfanin wannan a gare ki babba ne. Kina tsaye a cunkoso, ƙafarki a kan birki, giya na kan D, babu farantin da ke gugar wani, mai ne kawai ke zagayawa. Kin ɗan saki birki ta silala, kin taka ta tsaya, ko sau nawa za ki yi kafin ki isa ofis babu abin da ke cinyewa. Ladanta zafi ne, da ɗan fetur da ke tafiya a banza wajen kaɗa man giyar. Don rage wannan asarar ne aka sa wani ƙaramin kuloci cikin kwanbatar, wanda ke kulle ta da zarar mota ta miƙe hanya.

Inda take gazawa shi ne in aka haɗa giya huɗu kacal da inji ƙarami sosai. Injin lita 1.0 mai silinda uku, irin na Kia Picanto, ƙarfinsa bai wuce na doki 65 zuwa 70 ba. Ki kunna esi, ki ɗauki mutum uku, ki fuskanci hawa: za ki ji ta sauka giya uku tana kuka, ta koma huɗu ta rasa ƙarfi, ta sake sauka. Wuce babbar mota a hanya mai hannu biyu kuwa sai kin fara lissafi tun daga nesa. A nan mai kuloci ta fi ta nesa ba kusa ba, domin giya biyar gare ta, kuma ke kike zaɓa. Daga lita 1.3 zuwa sama abin yakan yi sauƙi, masu giya shida kuma, irin Mazda 2 daga 2014 ko Peugeot 208 mai EAT6, ba su da wannan ciwon.

Sai CVT, wadda da ita za ki fi cin karo a ƙananan motocin Japan na shekarun baya-bayan nan. Ita ba ta da giya ɗaya, biyu, uku. Fuli biyu ne, kowanne da kumatu biyu masu tsukewa da buɗewa, da bel na ƙarfe a tsakaninsu. In ɗaya ya tsuke bel ya hau samansa, ɗayan ya buɗe bel ya nutse cikinsa, ta haka nauyin giya ke sauyawa sannu a hankali ba tsalle. A ƙaramar mota ma ta fara yin suna: DAF 600 ta ƙasar Holan, a 1958, mai injin silinda biyu da bel na roba. Motocin DAF suna iya gudu da baya kamar yadda suke yi da gaba, har mutanen ƙasar suka riƙa tseren ribas da su.

Ga ƙaramin inji dabara ce mai kyau, domin tana ajiye shi daidai juyin da ya fi ba da ƙarfi ko ya fi tsimin mai. Shi ya sa in kin danne totur allurar inji za ta haura ta tsaya cak a sama, motar ta riƙa ƙara gudu tana gunji da murya ɗaya. Ana yawan kawo mini mota da wannan ƙorafin, wai giya ce ke zamewa. Lafiyarta ƙalau, halinta ke nan.

Rauninta yana wurin bel. Babu haƙorin da ke riƙe shi, matsin mai ne da ingancin man kansa ke hana shi zamewa. Ranar da man ya tsufa, ko ya yi zafi fiye da kima, ko aka zuba wanda ba nata ba, bel zai zame ya karce kumatun fuli, garin ƙarfen ya bi mai ya shiga bawuloli. Daga nan sai dai haƙuri. Wurare kaɗan ne ke iya gyara CVT, yawanci canza ta ake yi ɗungurungum, kuma a tsohuwar ƙaramar mota kuɗin kan ci babban kaso na darajar motar duka. Ba duka suka taru suka zama ɗaya ba dai. Na Nissan, waɗanda kamfanin Jatco ke ƙerawa, sun jawo ƙorafi har Nissan ta ninka garantinsu a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 120,000 ga motocin 2003 zuwa 2010. Na Toyota da Honda sun fi samun kyakkyawar shaida, kuma daga 2018 Toyota ta fara ƙara wa wasu nata giyar haƙori ta tashi, don bel ya huta da wahalar ɗaga mota daga tsaye. CVT da aka riƙa canza wa mai a kan kari zan saya hankali kwance. Wadda ba a san tarihinta ba, ko an yi mini ragi ba na so.

Kada ki haɗa ta da abin da Toyota ke kira e-CVT a motocinta masu haɗa fetur da lantarki, irin Prius tun 1997 da Yaris Hybrid tun 2012. Wannan babu bel a cikinta, babu kulocin da ke cinyewa, haƙora ne da injinan lantarki biyu. Tana cikin giyoyi mafi ƙarancin lalacewa da na sani, kuma a cunkoso ne ta fi tsimin mai. In irinta kika samu, batirin za ki sa a bincika.

Ta uku ita ce wadda na ambata a Yaris ta Turai. Giyar hannu ce sak, da farantin kulocinta da komai, aka ɗaura mata 'yan na'urori su taka kuloci su sa giya a madadinki. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa mata: MMT a Toyota, i-Shift a Honda, Easytronic a Opel, Dualogic a Fiat, AGS a Suzuki. Masu ƙera mota na son ta saboda araha, ba nauyi, ba ta kuma ƙara shan mai. Gane ta ba wuya: ki duba sandar giya, akasari ba za ki ga harafin P ba, sai R da N da D ko E ko A. A tuƙi kuma duk sanda za ta canza giya sai ta ɗan yanke ƙarfi, kanki ya yi gaba ya dawo. In kin koyi ɗaga ƙafa kaɗan daga totur daidai lokacin, takan yi laushi. Amma kwamfutar ba ta ganin abin da ke gabanki, ba ta san motar gaba taku biyu kawai za ta matsa ba, sai ta yi ta riƙe rabin kuloci farantin na ɗaukar zafi. A hawa kuma wasu kan ɗan zame baya kafin su kama. Honda da kanta ta sa i-Shift a Jazz ta Turai a 2008, zuwa 2011 ta cire ta ta koma CVT. Ki lura da Hyundai i10 da Kia Picanto su ma: tsofaffin masu kwanbata ne giya huɗu, na Turai daga 2020 kuwa wannan nau'in ne.

Ta huɗu mai kuloci biyu ce. Ɗaya na riƙe da giya 1, 3, 5, ɗayan na riƙe da 2, 4, 6, saboda haka kafin a saki wannan an riga an shirya waccan. Volkswagen ce ta fito da ita kasuwa a 2003 da sunan DSG, a cikin Golf R32. A buɗaɗɗiyar hanya daɗinta ba a magana: canjin giya cikin ƙiftawar ido, mai kuma kaɗan. Sai dai iri biyu ce. Akwai wadda kulocinta ke cikin mai yana sanyaya shi, akwai busasshiya, kuma busasshiyar aka fi sa wa ƙananan motoci don araha da rashin nauyi. Busasshen kuloci da silalawar cunkoso ba sa ga maciji. Alamar farko karkarwa ce lokacin tashi daga tsaye, sitiyari da kujera su riƙa ɓari tsakanin giya ɗaya da biyu. PowerShift ta Ford a Fiesta da Focus ta yi ƙaurin suna a kan haka, har a 2018 kotun tarayya a Ostireliya ta ci tarar kamfanin dalar ƙasar miliyan 10 saboda yadda ya yi da masu kai ƙorafi. Volkswagen ma ta kira motoci sama da 380,000 a Sin a 2013 don gyaran DSG. An gyara abubuwa da yawa daga baya, ban musa ba. Amma ke tsohuwa za ki saya, kuma cunkoso ne hanyarki. Ni dai ba zan ba ki ita ba.

Maganar mai kuwa, yayanki ya yi gaskiya, sai dai gaskiyar ta ɗan kwana biyu. In mai kwanbata giya huɗu ce, a takardun gwajin kamfanoni takan fi 'yar'uwarta mai kuloci sha da wajen rabin lita zuwa lita ɗaya a kowane kilomita 100. Ki yi lissafi da kanki: in kina yin kilomita 12,000 a shekara, lita 60 zuwa 120 ke nan. Kuɗi ne, amma bai isa ya yanke hukunci shi kaɗai ba. Da CVT labarin ya juya. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, Honda Fit ƙirar 2015 mai giyar hannu tana yin mil 32 da galan ɗaya, mai CVT har mil 36, wato wajen lita 7.4 da lita 6.5 a kilomita 100. Sannan adadin da ake rubuta wa mai kuloci na direban da ke canza giya a kan lokaci ne. Wanda ke jan giya biyu har inji na ihu, ko yake zabga totur yana riƙe da rabin kuloci, ba zai taɓa ganin wannan adadin ba.

Tunda mun zo nan, sa mota a firi a gangare don tsimin mai ya daɗe da daina amfani. Injin da kwamfuta ke fesa wa mai, in kina gangarawa cikin giya kin ɗaga ƙafa daga totur, yanke man yake yi gaba ɗaya. A firi kuwa dole ya sha don kada ya mutu. Kin yi asarar mai, kin kuma bar wa birki aikin shi kaɗai. A doguwar gangara, mai kuloci ki sauka giya uku ko biyu, atomatik ki ja ta zuwa L ko 2 ko B, duk wanda aka rubuta.

Ƙawayenki su ma ba ƙarya suka yi ba. Awa guda a cunkoso taka kuloci ne ba adadi, mai ciwon gwiwa ko ƙugu ya san abin da nake nufi. Ga sabon direba kuma akwai abin da ya fi gajiyar ƙafa. Hankalin da za ki ba wa kuloci, da fargabar kada mota ta mutu a mahaɗa ana danna miki oda daga baya, a atomatik madubi za ki ba wa, da mai babur, da yaron da ke shirin tsallaka titi. Wannan ne babban dalilin da ya sa na karkata inda na karkata. Haɗarinta guda: taka totur a madadin birki. Mai kuloci in kin rikice yawanci mutuwa take yi, atomatik kuwa tafiya take yi. Maganinsa, ƙafar dama kaɗai ke aiki, ta hagu ki ajiye ta gefe, kuma duk sanda ba kya ba da wuta ƙafar ta koma saman birki.

Inda yayanki ya fi ni hujja shi ne gyara, a nan kuma sharaɗi na biyu ya shigo. Mai kuloci a gaban idonki take tsufa: feda ta riƙa kamawa can sama, ki ji ƙauri a hawa, ta ba ki watanni kina shiri. Atomatik takan yi shekaru ba ta nemi komai ba, rana ɗaya ta nemi babban kuɗi a dunƙule. Abin da ke jawo ranar kusa, mafi yawan lokuta, mai ne da zafi. Man giya yana son zama wajen digiri 80 zuwa 90, in ya riƙa wuce haka sosai yana saurin ƙonewa. A yawancin motocin ruwan lagireto ne ke sanyaya shi, ke nan motar da injinta ya taɓa tafasa, giyarta ma ta ji jiki. Wasu kamfanoni sun rubuta cewa man na har abada ne, ba a canza shi. Na zubar da irin wannan man da yawa, baƙi ƙirin yana ƙauri. Ga mai tuƙin cunkoso, shawarata a canza na CVT tsakanin kilomita 40,000 da 60,000, na mai kwanbata kada ya wuce 60,000 da yawa, kuma da wanda littafin motar ya ambata kawai: NS-2 ko NS-3 a Nissan, HCF-2 a sabbin Honda, T-IV ko WS a Toyota masu kwanbata. Zuba man giya na gama-gari, mai jan launi, a cikin CVT kisa ne.

In zan zaɓa miki, lita 1.3 zan nema, mai kwanbata ko CVT ta Toyota ko Honda, mai takardun sabis. In aljihu bai kai can ba, sai lita 1.0 ko motar da ta yi nisa sosai ba takarda, to mai kuloci.

Ranar duba mota, ki ce wa mai ita kada ya tayar da ita kafin ki zo. Ki ɗora hannu a kan bonet ki tabbata da sanyi, domin ciwon giya tun da sanyin safe yake fara nunawa. Ki tayar, ƙafa a kan birki, ki ja daga P zuwa D. Cikin sakan ɗaya ko biyu ya kamata ki ji ta kama a hankali, motar ta ɗan yi nauyi gaba. In ta yi shiru sai kin ƙirga uku, huɗu, sannan ta buga da ƙarfi, ba alama ce mai kyau ba. Ki yi haka da R. In tana da gejin man giya, a zaro a ɗiga a kan farar takarda a duba a rana. Ja mai haske lafiya. Ruwan ƙasa ya tsufa amma da sauran ransa. Baƙi mai ƙauri, ko mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ki yi musu sallama. In ya yi fari-fari da kumfa, ruwan lagireto ya shiga, ita ma ki bar ta. Na CVT ba lallai ya zama ja ba, na Nissan kore-kore ne, don haka a can wari da tsabta za ki duba. Sabbin motoci da yawa ba su da gejin, sai a nemi rasit ko littafin sabis. Man da ya yi sabo fil a motar da ba ta da takarda ko ɗaya shi ma abin tambaya ne: me ya sa aka canza shi jiya?

Kada ki yarda da zagaye ɗaya a layi. Ki tuƙa ta aƙalla rabin awa har ta yi zafi sosai, ki shiga cunkoso da gangan, ki nemi hawa ki tsaya a tsakiyarsa ki tashi. Abin da kike nema shi ne allurar inji ta yi tsalle sama tsakanin giya da giya ba tare da mota ta ƙara gudu ba, ko bugu, ko karkarwa wajen gudun kilomita 60 zuwa 80 kina taka totur a hankali, ko wani siririn kuka da ke ƙaruwa da gudu a CVT. Bayan haka a sa mata na'urar karanta kwamfuta, mai dubawar kuma ya duba ko an goge laifuffukan kwanan nan, domin na'urar na nuna hakan.

In mai kuloci ce gwajin ya fi sauƙi, ke ko wanda kika je da shi. Ana tafiya wajen kilomita 50 a giya huɗu a danne totur ƙasa. In inji ya ɗaga murya mota ba ta bi shi ba, faranti ya ƙare. Wannan dalilin neman ragi ne, bai kai na fasa ciniki ba. A canza daga ɗaya zuwa biyu, biyu zuwa uku, da ɗan sauri. In an ji haƙora sun yi ƙara, zoben da ke daidaita su ya cinye, shi kuwa sai an buɗe giyabos. Giyar da ke fita da kanta in an ɗaga ƙafa ita ma haka.

Sauran 'yan abubuwa. In batir ya yi sanyi, mai kuloci ana tura ta ta tashi a giya biyu, atomatik kuwa ko unguwa ce ta taru ba za ta tashi ba, sai an jona waya daga wani batirin. In ta mutu a hanya kada a ɗaura mata igiya a ja ta nesa tayoyin gaba na ƙasa, domin inji ne ke juya famfon man giyar: inji a kashe, cikin giya na juyawa ba mai isasshe. A ɗaga gaban, ko a ɗora ta a bayan babbar mota. Sai lasin. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, wanda ya ci jarrabawar tuƙi da atomatik akasari ana buga masa lamba 78 a lasin, ba shi da izinin tuƙa mai kuloci, Japan ma tana da irin wannan lasin. Ki duba dokar inda kike kafin ki je jarrabawa. Ko atomatik za ki saya, ina ganin ki koyi kuloci, domin wata rana motar da za ki samu a ƙofa lokacin bukata ba taki ba ce.

In kin saya, ki fara da man giya kafin komai, sai in akwai rasit na kwanan nan. Motar da ta yi nisa ba a taɓa canza mata ba, kada a wanke ta da injin matsi. A buɗe ƙasa a bar wanda zai fita da kansa ya fita, a cika, ki yi 'yan dubban kilomita, a sake, domin zubarwa ɗaya ba ta fi fitar da rabin man ba, sauran na cikin kwanbata. Wajen fakin a gangare kuma, ki taka birki, ki ja birkin hannu, ki bar nauyin motar ya sauka a kansa, sannan ki sa P. Abin da ke riƙe mota a P ɗan ƙugiyar ƙarfe ne da bai fi girman yatsa ba, kuma bugun nan da ake ji in an zo cire giya a gangare, shi ne yake kuɓucewa da nauyin mota duka a kansa.